Motar da Ta Yi Ta Zafi a Hanyar Gidan Inna

Tun da na dawo daga ƙetare ba ku bar ni na huta ba. In na je ɗibar ruwa a tare ni, in na je gidan suna a ja ni gefe: "Ma'u, wai da gaske mace ce ta gyara maku mota?" "Wai burodinsu ya kai tsawon hannu?" Na gaji da faɗi guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta karanta ta karanta wa maƙwabciyarta.

Kun dai san Inna ta zo ta ɗauki yaron don yaye. Tun bayan rasuwar Babanmu ta yi aure a wani ƙauye can cikin Benin, ni kuwa ban taɓa zuwa ba, ita ce ke zuwa. Da ta goya shi za su tafi ko ƙofar gida ban raka su ba, tunda ɗan fari ne, ido na kaina. Na shiga ɗaki na yi ta naɗe kayan da na riga na naɗe. Sharaɗin Inna ɗaya ne: kada ya gan ni sai ya manta da nono, in ba haka ba aikin ya koma baya.

Ana nan sai ta kira a wayar mijinta, a tsakiyar gaisuwa ta ce, "Jikinshi da ɗan ɗumi, amma ba komi, kada ki ɗaga hankalinki." Kafin in tambaya ko yana cin abinci waya ta yanke. Na kira, na sake kira, ba ta shiga. Duk wadda ta haifa ta san abin da "ba komi" ke yi wa cikin uwa. Ba ni iya ce wa Malam, maigidana, ina son ganin ɗana, kunya ba ta bari. Sai na ce mashi ina son kai wa Inna sabuwar shinkafa tunda an yi girbin rani. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce Bashar zai ƙetara jibi, in bi shi, Gwaggo Kulu ta raka ni.

Bashar ƙanin Malam ne, direban wani Alhaji mai gonakin shinkafa a fadama. Motar jif ce mai shan gas, irin wadda ke ja da ƙafa huɗu in an shiga yashi ko laka. An aike shi sayo kayan injin ban ruwa. Gwaggo Kulu kuwa ƙanwar surukina ce, ta daɗe tana fatauci a wannan hanya, kowane shinge ta san mai tsaronshi.

Mun tashi bayan asuba. Ina shiga Bashar ya fara.

"Matarmu, wagga shinkafa da za a kai wa Inna, ita ce ta hana ki barci har idonki ya kumbura?"

"Ka ja motarka, ba da kai nake ba."

"Allah sarki shinkafa. Ko ni ba a taɓa kewata haka ba."

Gwaggo ta kai mashi duka a ƙeya da carbi, ta ce ya bar 'yar mutane.

Muddin muna kan kwalta lafiya lau. Muka ƙetare kogi, iska na shigowa, har na fara lissafin kafin azahar ina gidan Inna. Sai muka iso inda hanya ta lalace, motoci suka sauka suna bin yashi ta gefe. Bashar ya ja wani ƙaramin giya, mota ta riƙa gurnani tana tafiya kamar mai ciki. Ni ina bayanshi, ina hango agogunan da ke gaban sitiyari. Akwai wata allura da tun safe take tsaye a tsakiya, sai na ga tana hawa a hankali tana nufin wajen ja. Na ga yana satar kallonta, ya daina raha.

Ya tsaya ya buɗe bonet, zafi ya buso kamar an buɗe tanda. Na ce, "Ka buɗe ka zuba mata ruwa mana." Ya ce, "Ki rufa mani asiri, in na taɓa murfin lagireto yanzu, fuskar da zan nemi aure da ita ta tafi." Sai ya ɗauki galan ya gangara wani kududdufi, ya ɗebo ruwa ja wur, ya riƙa watsa wa gaban motar ta waje. Tururi ya tashi. Ya ce haka yake mata tun da bazara ta shigo, in ta ji ruwa sai ta huce. Ta kuwa huce. Muka ci gaba, da muka hau kwalta allura ta koma wurinta. Muka sake shiga yashi, ta sake hawa. Haka muka yi ta yi, tsaya, watsa, jira, tafi. Ni kuwa duk tsayawa sai ƙirjina ya ƙara nauyi, don nonon bai gama ƙafewa ba, na ɗaure shi da ɗankwali amma zafin rana na tsananta shi.

Rana ta take muka shiga Illo. Wani bakanike a bakin hanya ko leƙawa bai yi da kyau ba ya ce, "Gasket ne, faifan da ke ƙarƙashin kan inji. Duk mai gas in ta fara haka gasket ne. Sai an sauke kan inji, a aika a kawo sabo." Na tambayi Gwaggo a kunne ko aikin yini ne. Ta ce, "Yini? Ki ce kwanaki." Wallahi sai da na dafa motar, na janye hannu don zafi.

Bashar dai bai yarda ba. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya nuna wa mutumin, ya ce, "Malam, duba, baƙi ne sul. In ruwa ya shiga ai kamar koko yake komawa. Kuma salansa ba ta farin hayaƙi." Mutumin ya ce to tunda ya fi shi sani ya tafi. Muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, ni dai cusawa nake. Na ce wa Bashar ko in hau mashin in yi gaba. Ya ce, "In ɗora ki bayan wanda ban sani ba, ki ƙetare ƙasa, Yaya ya ji? Gara injin ya narke."

Iyakar da nake ta jin labari, na ɗauka wata katanga ce mai ƙofa. Ashe igiya ce da durom da rumfa, sannan wata igiya da wata rumfa. Gonar gero ta wannan gefe ita ce ta wancan gefe, awaki na wucewa ba mai tambayarsu komi. A namu ɓangare suna ganin Gwaggo suka ce, "Hajiya an dawo?" A nasu ɓangare jandarma ya leƙo ya yi wani yare da hanci, na rasa inda zan sa kaina, sai ya juya ya ce da Hausa, "Ina za a je da wanga buhu?" Gwaggo ta ce gaisuwar uwa ce. Ya soka hannu ya murza shinkafar, ya ce uwar ta yi sa'a. Amma layin motoci ya yi tsawo, muna matsawa kaɗan-kaɗan, kuma a nan tsaye, ba yashi ba komi, allura ta haura har ta taɓa ja. Dole Bashar ya kashe mota, aka tura mu muka ƙetare. Da ƙafar mutane muka shiga Benin.

Kafin mu lallaɓa zuwa garin farko magariba ta kawo jiki. Gwaggo ta kai mu gidan fatomanta, mutumin da fatake ke sauka wurinshi. Ƙauyen Inna bai yi nisa sosai ba daga nan, amma duk yashi ne, Bashar ya ce ba zai shiga daji da mota haka ba. Na tsaya a tsakar gida na fuskanci inda aka nuna mani ƙauyen yake, ba abin da nake gani sai katanga da kan bishiyar mangwaro.

Tunda kun matsa da maganar abinci: an kawo mana wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, sanyi ƙalau, da miyar tumatir mai yaji da soyayyen cuku wanda suka rina bayanshi ja da karan dafi. Cukun ya yi daɗi. Tuwon kuwa, in a nan Bagudo ne aka kai wa miji tuwo mai tsami da sanyi, sai an kira iyaye. Su a wurinsu haka ake so. Da safe mai shayi ya ba mu burodin nan dogo, ɓawonshi da ƙarfi har yana kankare dasashi. Gwaggo sai da ta jiƙa nata a kofi, tana mita wai an ba ta icen girki. Wani abin kuma, matansu ba su ɓoye son 'ya'ya. Na ga wata yarinya, sa'ata, tana cilla ɗanta na fari sama tana kiran sunanshi a gaban surukarta, ba wanda ya ɗaga ido. Na yi ta kallonta har ta tsargu.

Da safen fatoma ya ce surukarshi, matar ɗanshi, za ta duba motar. Bashar ya ɗauka wasa ne. Sai ga mace ta fito, za ta girme ni da kamar shekara goma, da rigar aiki shuɗiya mai haɗe da wando, ta ɗaura ɗankwali ta ɗora hula. Sunanta Fati, amma kowa Madam yake ce mata. Garejinta na bayan gida. Hausarta da karin Dandanci, tana jan magana.

Ba ta taɓa motar ba sai da ta zaunar da Bashar kamar mai ba da magani.

"Yaushe take zafi?"

"Kullum."

"Ba kullum ba. Kan kwalta tana yi?"

"A'a."

"Cikin yashi?"

"Tana yi."

"A tsaye?"

Ban jira ya amsa ba. Na ce, "Ta yi jiya a iyaka." Ta waiwayo ta dube ni, ta dubi gaban rigata inda ya jiƙe ya bushe.

"Tana shan ruwa? Kana ƙara mata?"

Ya ce ba ta ragewa. Tunda injin ya kwana ya yi sanyi, ta buɗe murfin lagireto, ruwa na nan cike. Ta juya murfin ta duba robar da ke ciki, ta ce lafiya. Ta leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, babu. Ta sa ya tayar da mota murfi a buɗe, ta sunkuya tana kallon ruwan. Ta ce in gasket ne ya ƙone za a ga kumfa na tasowa ba tsayawa, kamar tukunya ta fara tafasa tun ba ta yi zafi ba. Ruwa na ta zagayawa abinshi, ba kumfa. Ta ce to famfon ruwa ma na aiki. Bashar ya dube ni yana ɗaga gira, wai ya ci mutumin Illo.

Ta mayar da murfi, ta bari inji ya ɗumama, ta kama tiyon sama ta matsa, ta kama na ƙasa. Ta tambaye shi wani ɗan ƙarfe da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi. Bashar ya ce, "Tamostat? Ai tun ranar da aka sayo ta aka cire. Kowa na cirewa, na ƙasar sanyi ne." Madam ta kama haɓa. Ta ce, "Ku mutanen Najeriya, mota na zuwa ku fara yi mata kaciya. Ka mayar da shi in ka koma. Amma ba shi ne ciwon yau ba." Ta kashe mota, ta danna fambel, bel ɗin da ke juya fanka, da yatsa, a ɗaure yake. Ta juya fankar da hannu, ta ce tana da riƙo, ba sako-sako take ba.

Ni duk wannan "lafiya, lafiya" da take cewa ba daɗi yake mani ba. Rana na hawa. In komi lafiya ne, to me ya hana mu tafiya? Na koma gindin mangwaro na sake gwada lambar mijin Inna. Ba ta shiga.

Sai na ji ta ce a sake tayarwa. Ta tsinci wata leda a ƙasa ta riƙe a gaban hancin motar, ta sake ta. Ledar ta faɗi. Ta ce, "Ka gani? Da fanka na jan iska, da ta manne." Ta kashe, ta ɗauko tocila ta haska ta bayan lagireto, ta ce Bashar ya leƙa ta gaba.

"Kana ganin haske?"

"Ba komi."

"Ko kaɗan?"

"Duhu ne. Amma Madam, kullum sai na wanke gabanta, duba ki gani, tas."

Ashe abin biyu ne a jere. Na gaba siriri ne, na sanyin cikin mota, shi ake gani daga waje, shi Bashar ke wankewa. Na inji yana bayanshi, tsakaninsu 'yar rata ce da hannu ba ya shiga. Ta kwance notuna na sama ta ɗan kwantar da na gaban. Muka leƙa duka, har Gwaggo.

Bango ne. Wallahi bango, daga ƙasa har kusan sama, ƙaiƙayin shinkafa da jar ƙasa sun haɗu sun bushe sun yi tauri. Madam ta ɓantaro wani yanki da sukundireba ta miƙa wa Bashar, ya fi yatsa kauri.

"Ina kake ajiye motar nan?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce tun da aka fara girbi a masussuka yake yini, Alhaji ba ya son zafi, sai a bar inji a kunne yana zaune a ciki yana kallon awo, mata kuwa na sheƙa a gefe.

"Fanka ta yi ta zuƙo ƙaiƙayi. To in ta yi zafi me kake mata?"

"Ina watsa mata ruwa."

"Wane ruwa?"

"Na fadama. Wanda na samu."

Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ƙaiƙayi, laka, ruwa, ga wuta na gasawa. Ɗan nan ai rumbu ka gina! Haka muke kwaɓa ƙasar yaɓe, ko ni ban iya ta kama haka ba." Madam ta ce kan kwalta gudu na tura iska ta 'yan kafofin da suka rage, shi ya sa take hucewa, in an rage gudu kuwa sai ta shaƙe. Kuma duk galan ɗin da ya watsa jiya ƙarin yaɓe ne. Bashar ya ce, "Matarmu, in kika faɗi wagga magana a Bagudo ba ni ba ke." To ga shi na faɗa.

Wankin ya ɗauki lokaci. Ta jiƙa bangon ya yi laushi, sannan ta riƙa fesa ruwa mai tsabta daga baya zuwa gaba, a hankali, wai in da ƙarfi ne siraran ƙarafan za su lanƙwashe. Ruwan laka ya yi ta gudu har bakin titi, kaji suka taru suna tsintar shinkafa. Da ta bar abin yana tsanewa sai ta yafito ni, ta shigar da ni ɗakinta, ta kawo ruwan ɗumi a roba da tsumma. Ta ce, "Ƙanwata, rage kaɗan kawai, in kin tatse duka sabo zai kawo." Ta juya mani baya har na gama, ta ɗaure ni da zanenta tamau. Ta ce, "Na fari ne?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Nawa na fari a garin kakarshi ya girma. Har yau in ya zo sai ya tambaye ni inda ake ajiye cokali."

Da aka mayar da komi ta sake sakin leda, ta manne ƙam a hancin mota. Muka yi sallama muka shiga yashi. Duk hanyar idona na kan allurar nan, ba ta motsa daga tsakiya ba, har na fara zargin ko ta lalace.

Mun isa ana kiran azahar. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta gan ni da buhu a bayana, ta ajiye rariya.

"Asma'u, wa ya aiko ki?"

"Shinkafa na kawo maki."

"Shinkafa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Yi magana a hankali, shina barci. Zazzaɓin ya sauka tun jiya da la'asar, haƙori ne na ciki. Yau ya sha kunu har ya nemi ƙari."

Jiya da la'asar, lokacin da ake tura mu a iyaka.

Na ce in gan shi kawai. Ta ce ya fara haƙura, jiya ne ya kwana bai nemi komi ba, in ya gan ni an koma farko, kuma ba ni ce zan sha kukan ba. Gwaggo ta sa baki, ta ce a bar ta ta leƙa, ba za ta tashe shi ba. Inna ta ɗaga labule ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi.

Yana kwance kan tabarma, ya yi ruf da ciki, ɗuwawu a sama. An yi mashi aski. Ya ɗan rame a wuya, ga busasshen kunu a gefen baki, a hannunshi wani murfin kwalba da ya damƙe. Na durƙusa na sa bayan hannuna a goshinshi. Sanyi, da ɗan gumi. Na sa a wuya, na sa a ciki. Sanyi. Ban san na daɗe ba sai da na ji zanen da Madam ta ɗaura mani ya jiƙe. Ya motsa hanci, ya fara mamular baki. Inna ta damƙi kafaɗata ta ce, "Fita, ya ji ƙanshinki."

Na fita na zagaya bayan zana na tsaya. Ta tsakanin karan ina hango ƙofar ɗakin. Na ji ya yi ɗan kuka irin na tashi, sannan ya ce, "Nna." Ita kaɗai ce kalmar da ya iya kafin a tafi da shi, kuma ni yake kira da ita. Bakina ya buɗe da kanshi. Sai na ji Inna ta ce, "Na'am, ga ni," ya kuwa yi shiru.

Ta fito da shi a kafaɗa, ta juya bayanta wajen zana da gangan don fuskarshi ta fuskance ni. Yana ta lumshe ido yana kallon kaji. Ta daɗe a haka tana jijjiga shi, sannan ta shige da shi madafa.

Ko ruwan gidan ban sha ba. A mota Bashar bai tsokane ni ba ko sau ɗaya har muka je ya sayi kayan Alhaji muka juyo, Gwaggo ma carbinta kawai take ja.

To kun ji yadda ƙetare take. Inna ta ce sai an yi shuka ta yi ƙwari za ta kawo shi. Wadda mijinta ko ɗan'uwanta zai bi ta Illo ya ƙetara kafin nan, don Allah ta sanar da ni. Na ɗinka wata 'yar riga, kuma da na auna shi da ido ran nan na ga kamar in aka jima ba za ta shige shi ba.